Jita da Shanyayyen Batir

Masana tarbiyya sun haɗu a kan cewa ilimi ginshiƙi uku gare shi: malami, ɗalibi da littafi. Ni da na shekara talatin ina haɗiyar ƙurar alli, ina roƙon su ƙara na huɗu, wato batir.

Har gobe ba na manta ranar Litinin ɗin da shugaban makarantarmu ya kira ni ofis. A Rogo ne, wajen ƙarshen shekarun tamanin, ina malamin Tarihi a matakin albashi na takwas. Na tarar da jita kwance a kan teburinsa kamar baƙon da ba a san mai masaukinsa ba. Daga Kano aka aiko ta cikin kayan koyarwa. Ƙa'idar kuwa ita ce, duk abin da sufeto ya tarar ba a amfani da shi, sai a ɗauke a kai wata makarantar.

"Malam Habu, an ce kana da kunnen kiɗa."

"Ranka ya daɗe, rediyo kawai nake saurare."

"Ya wadatar. Sufeto zai zo ƙarshen zango. Ka koya, ka koya wa yara taken makaranta. Kada jitar nan ta bar Rogo."

Hanya biyu gare ni. Akwai darasi ta gidan waya, ka aika Legas a aiko maka da ɗan littafi da kaset. Akwai kuma Baba Saje a Ƙaraye, tsohon ɗan badujalar soja da ya koma gyaran rediyo. Ni mai takardar shaidar malanta, sai na ga bai dace in durƙusa gaban mai gyaran rediyo ba. Na zaɓi kaset.

A farkon kaset ɗin, mai darasin yana kaɗa tsirkiya shida ɗaya bayan ɗaya, kai kuma ka yi ta murɗa taka har sautin ya zo daidai da nasa. Ba mu da lantarki, rikodar makaranta da batir take aiki. Mu kuwa batir ba ya mutuwa a hannunmu. In ya yi sanyi, sai a shanya shi a kan rufin kwano ya sha rana, a mayar. Sati shida ina haka. Yau jitar ta yi kukan ɗan tsako, gobe ta yi na saniya. Na ɗora laifin a kan zafin gari, har na yi wa yara bayani a kimiyyance.

Da ya rage sati uku sufeto ya zo, na ɗaure jita da rikoda a bayan babur na nufi Ƙaraye. Bayan mun gaisa, Baba Saje ya ce in kaɗa ya ji. Na kaɗa.

"Malam, wa ya rasu?"

"Taken makaranta ne, Baba."

"To Allah ya ji ƙan makarantar."

Ya zare kaset ɗin ya sa a tasa rikodar, wadda ya jona da batirin mota. Muryar da na sani ta dattijo mai jan magana, sai ga ta ta koma ta saurayi mai sauri.

"Malamin nan naka ba shi da laifi," in ji shi. "Kai ne kake barin sa da yunwa. Kuma ko ya ƙoshi, ba ya jin ka. Ka yi daidai, ka yi kuskure, gaba zai yi abinsa. Miƙo hannu. Wannan farcen na kaɗa jita ne ko na tonon gyaɗa?"

Asabar uku na yi a gabansa, bisa benci, tsakanin matattun rediyoyi. Riƙon tsirkiya iri uku kacal ya koya mini, ya ce su ne tuwo, sauran duk miya ce. Kaset ɗin ma ya yi amfani daga baya, wajen bita a gida, da sabon batir.

Abin da nake gaya wa ƙananan malamai ke nan: in za ka zaɓi mai koya maka, nemi wanda zai ji ka, ya kuma iya ce maka ka ɓata. Takardarsa ka tambaya daga baya.

Jitar ta zauna a Rogo, yara da dama sun koya a kanta, wasu har sun fi ni nesa ba kusa ba. Ranar da sufeton ya zo, mun jeru a gaban aji, taken makaranta na bakinmu. Bai nemi ji ba. Ya ƙirga tsirkiya ya ga shida ce, ya sa hannu, ya tambayi inda ake sayar da man gyaɗa.