Sunan da na faɗa a bakin mota

Ranar Asabar ce, cikin azumi. Ƙarfe bakwai na safe ina goge falo, Rifkatu tana kicin tana wanke kwanukan sahur. Ta leƙo ta ce da za a ba ta masa uku masu zafi da miyar taushe, irin ta bakin kasuwar Wunti, da ta yafe wa duniya komai. Na ce ta rufe mana baki, mai azumi ba ya zancen masa. Muka yi dariya ƙasa-ƙasa, don ni kaɗai na san ba azumi take yi ba.

Wata takwas ke nan muna aikatau a wani gida a Khartum. Ni 'yar unguwar Ɗan Iya ce, ita 'yar Gwallameji, duk a Bauchi. Wata Hajiya ce ta kwaso mu daga Bauchi da alkawarin aikin asibiti a Saudiyya. Sudan zango ne kawai, in ji ta. Rifkatu Kirista ce, masu gidan kuwa Musulma suke so, sai Hajiya ta sa aka yi mata fasfo da sunan Rukayya. Ta ja mini kunne cewa ranar da na kuskura na kira sunanta na gaskiya, mu biyu za mu yaba wa aya zaƙinta. Na hori harshena har ya saba. Ko muna mu biyu, Rukayya nake ce mata.

Fasfunanmu suna cikin jakar uwar gida. Kuma al'adarta ce, in za ta fita sai ta kulle mu ta waje.

Ƙarfe tara saura muka ji ƙara ta farko. Gilashin taga ya amsa. Sai harbi, ba ƙaƙƙautawa. Ƙarfe goma jirgin yaƙi ya wuce ta saman rufi. Sha ɗaya aka ɗauke wuta. Da azahar masu gida suka loda mota. Uwar gida ta ɗaga mana yatsu biyu, wai kwana biyu za su yi. Muka ji makulli ya juya sau biyu, motar ta tashi.

Kwana tara muka yi a ciki. Tagogin duk ƙarfe ne. Rana ta uku famfo ya ƙafe, muka koma shan ruwan tankin banɗaki. Rana ta biyar wani abu ya faɗi a gidan maƙwabta, ɓallin ƙarfe ya shigo ta taga ya yanki Rifkatu a cinya. Na ɗaure da mayafina. Washegari zazzaɓi ya rufe ta. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma tsine wa Hajiya har bakina ya bushe.

Akwai wata 'yar waya da muka ɓoye cikin buhun shinkafa. Da ragowar cajinta na kira yayana. Ya hau keke ya je Gwallameji ya ɗauko mamar Rifkatu, suka tafi ofishin da ake rubuta sunayen 'yan jiha da yaƙi ya rutsa da su. Suka ba da namu, kamar yadda aka raɗa mana. Da na sake kira, ya gaya mini filin da motocin kwashe 'yan Najeriya za su tsaya. Wayar ta mutu.

Rana ta tara, da hantsi, aka ɓalle ƙofa da gindin bindiga. Sata suka zo yi.

"Waje! Waje!"

Ɓarayi ne suka buɗe mana ƙofar da masu gida suka rufe. Na goya Rifkatu. In na gaji ta dafa kafaɗata ta ja ƙafa. Awa uku muka yi a hanya. Abin da na gani kwance a gefen titi ba zan rubuta shi ba.

Ƙarfe ɗaya muka isa filin. Motoci huɗu, mutane ba iyaka. Wani jami'i yana tsaye a bakin mota da takarda. Wanda ba shi da fasfo, sai an ga sunansa a takardar. Jin Hausa ba shaida ba ce, don ƙasar cike take da Hausawan da aka haifa a can, su ma neman tsira suke. Ya duba ya ga nawa. Ya nuna Rifkatu, tana jingine da bango, ido a rufe.

"Sunanta?"

"Rukayya."

Bakina ne ya faɗa kafin hankalina ya iso. Ya bi layi da yatsa har ƙasa, babu. Na ce Rifkatu ce, wallahi Rifkatu. Ya sake dubawa, ya ga sunan. Ya dubi hijabin da ke jikinta, ya dube ni. Ya ce mai suna biyu sai an tantance ta, ta jira motar gobe. Ban ga laifinsa ba. Na durƙusa, na rantse, na yi kuka. Harbi ya matso bayan katanga.

"Ku shiga! Direba, tashi!"

Na riƙe hannunta. Ita ce ta zare shi. "Je ki, Hadiza. Ki ce wa Mama ina tafe." Wani ya tura ni ciki. Ta taga na ga ta gyara zama, ta miƙe ƙafar.

Mun kwana goma a kan iyakar Masar kafin a buɗe mana, sannan jirgi, sannan Bauchi. Na tambayi duk wanda ya biyo motocin baya. Babu wanda ya gan ta.

Jami'an yaƙi da safarar mutane sun ɗauki bayanina sau uku. Sun ce takardu suna yawo tsakanin ƙasashe uku, ana duba sansanonin gudun hijira. A wani wuri Rukayya ake nema, a wani Rifkatu. Gidan Hajiya kuwa da kwaɗo a ƙofa.

Duk Lahadi da la'asar nakan sayi masa in hau keke zuwa Gwallameji. Na isar wa Mama da saƙon. Na kuma gaya mata abin da bakina ya yi. Sai ta matso mini da tabarma. In zan tafi takan ce in kira mata sunan 'yarta ta ji, sai in kira.

Yanzu harshena ba ya kuskure. Shekara biyu ke nan ina faɗinsa daidai, ba wadda ta amsa.