Batirin Mota da Rediyon Maigida

Sau uku maigidana ya sa na tura mota da hannuna, kuma har yau da nake rubuta wannan ban yafe ba.

Shekarar da aka samu 'yancin kai ya sayi wata tsohuwar mota wadda Bature ya gaji da ita. Ita ke kai man gyaɗar da nake matsa kasuwar Cadakori. Sai kuma ya sayo rediyo. Kullum bayan la'asar sai ya ciro batirin motar ya jona wa rediyon a ƙofar gida, dattawan garinmu Gidan Sori su kewaye shi suna kaɗa kai ga jawabin Faransanci, alhali ko gaisuwa babu mai ji a cikinsu.

A karo na uku, ranar kasuwa, motar ta yi tari ɗaya ta yi shiru. Ni da mata biyu muka tura cikin rairayi har zanena ya kwance, sannan ta tashi. Muka isa masu saye sun watse.

Na ce, "Malam, jawabin da ya shanye batir, shi zai sayi man?"

Ya ce, "Ke ba ki san sha'anin ƙasa ba."

"Na dai san nauyin motarka."

Batirin ya cika a hanyar dawowa. Washegari da sassafe na ciro shi, na naɗa gammo na ɗauka, na tura shi ƙarƙashin gadon uwarsa, na shaida wa tsohuwar komai. In jawabi yake so, ya je ya tsuguna gabanta ya roƙa.