Littafin da Tanti Zorida Ta Riƙe wa Matar Landan

A shagon yadin da Tanti Zorida Juman take aiki, a kan High Street a San Fernando da ke tsibirin Trinidad, akwai wata kanta a ƙarƙashin teburin yanka da ba mai taɓa ta sai ita. Nan take ajiye kayan da mai saye ya ce, "Riƙe mini, zan dawo." Shekara talatin da ɗaya tana shagon, ba a taɓa jin wanda ya dawo ya tarar ta sayar da abin da ya bar mata ba. Na taɓa leƙawa na ƙirga: bandir goma sha huɗu. A cikinsu har da wani leshi ruwan zuma da wata mata ta sa a riƙe mata saboda bikin 'yarta. 'Yar ta yi aure, ta haihu, leshin yana nan.

Ƙanwar babana ce. An haife ta a Ste Madeleine, kusa da injin sukari inda kakana ya yi aiki har ƙarfinsa ya ƙare. Ta bar makaranta tana da shekara sha shida, ta kama almakashi, daga baya ta auri Onkul Fazal mai tasi. Iyakar abin da dangi suka sani game da ita ke nan, sai kuma cewa ba wanda ya kai ta iya roti, gurasarmu ta gida. Ba mu san cewa kullum bayan sallar asuba, kafin ta fita neman mota, tana zama a teburin kicin tana rubutu ba. Shekara goma sha biyu tana haka. Labarin wasu 'yan'uwa mata uku ne, da yadda rayuwarsu ta kasance bayan an rufe injin sukari.

Ni ta fara faɗa wa, don ni nake sayar da inshora, kuma a ganinta wanda ya saba a rufe masa ƙofa a fuska zai san yadda ake ƙwanƙwasa ta. Ta miƙo mini shafi ɗari uku da sittin da biyu a cikin ledar shago, ta ce, "Shaliza, beti 'yata, me ake yi da shi yanzu?"

Na yi murna, na kama bincike. Manyan kamfanonin buga littafi na Landan da New York ba sa karɓar komai daga hannun marubuci, sai ta hannun wakili. Kai za ka aika wa wakilin gajeriyar wasiƙa da shafukan farko. In sun yi masa, ya nemi sauran, in ya ɗauke ka, shi zai shiga ya fita har littafin ya samu mai bugawa. Amma sau ɗaya ake aika wa mutum littafi. In ya ce a'a, ƙofarsa ta rufe ga wannan littafin, kuma a ofisoshi da yawa a'ar mutum ɗaya ta kowa ce.

Na tara sunaye sittin da takwas. Na cire masu neman littafin yara, na cire masu neman labarin kisan kai, na cire waɗanda suka rufe karɓa. Na bar waɗanda suka taɓa ɗaukar marubuci daga tsibiranmu kuma suka sayar da littafinsa. Ranar Lahadi na je gidanta da sakamakon.

"Tara," na ce.

Ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Tara? A duk duniya?"

"Waɗanda suka dace da ke, Tanti. Tara ba kaɗan ba ne."

"In taran suka ce a'a fa?"

Onkul Fazal yana kan kujera yana ɓare gyaɗa, ya ce, "Sai ki koma dafa mini shayi da asuba kamar matar kowa. Zorida, dillalai ne fa. Bambancinsu da mai sayar da tsofaffin motoci na bakin hanya, su suna sa kwat."

Ba ta yi dariya ba. Tun daga ranar na fara ganin tsoron a fuskarta. Shekara goma sha biyu tana rubutu ba fargaba, don ba wanda zai ce mata komai. Yanzu ga ƙofa tara, kowace ta taɓa tana iya rufewa har abada.

Ni da lissafi nake zaɓe: littafi nawa wakili ya sayar, sabon marubuci nawa ya ɗauka a 'yan shekarun nan. Ita kuwa ta ɓullo da tata hanya. Ranar Asabar shago rabin yini yake, sai ta wuce laburare, ta ɗauko littattafan marubutan da mutanen nan tara suke wakilta, ta buɗe daga baya, shafin da marubuci yake godiya. Wanda aka ce masa "na gode wa wakilina" kawai, sai ta taɓe baki. "Wannan godiyar dole ce," in ji ta. "Irin wadda ake yi wa mai karɓar kuɗin wuta."

A nan ta gamu da Misis Aldersey ta Landan. Wata marubuciya ta rubuta cewa matar ta jira ta shekara shida, ba ta taɓa matsa mata ba ko sau ɗaya. Tanti ta karanta mini layin a waya.

Na ce, "Tanti, sababbi biyu kacal ta ɗauka a shekara biyar."

"To ai shi ne. Ba ta kwashe-kwashe."

Na so mu aika wa taran gaba ɗaya. Ita ta so ɗaya. Muka tsaya a uku: Misis Aldersey, da wani mutum a Landan ɗin, da wata matashiya a New York mai suna Nadia Prewitt, wadda ni na sa ta don ta ɗauki sababbi bakwai a shekara biyu. Mutumin bai bari mako ya zagayo ba ya ce a'a, a layi biyu. Nadia Prewitt shiru. Sai ga Misis Aldersey, ana saura kaɗan bikin Carnival na farkon shekara: shafukan sun burge ta, a turo mata littafin duka, amma tana roƙon kada a nuna wa kowa yayin da take karantawa.

Na karanta saƙon sau uku ina neman kwanan wata. Babu.

"Ki tambaye ta har yaushe," na ce. "Haka ake yi. Wata ɗaya, ko mako shida, a rubuce."

Ta dube ni kamar na ce ta yi sata. "Mutum ya ce ki riƙe masa abu, ki ce masa har yaushe? Wa ya rene ki?"

"Ke, rabin lokaci."

"To ban koya miki wannan ba."

Ta amsa wa matar cewa ta yarda, littafin nata ne har ta gama.

Carnival ya wuce. Azumi ya zo, aka yi salla, Tanti ta dafa sawine, taliyar madara ta ranar salla, ta manta ba ta sa sukari ba, ita da ba ta taɓa kuskure a tukunya. Damina ta sauka. Wayarta ta zama abin tsoro a gidan: in ta yi ƙara sai ta dafe ƙirji, ta miƙa wa Onkul Fazal ta ce ya duba. Shi kuma ya duba ya ce, "Ƙanwarki ce, ta turo hoton kyanwa." Duk lokacin da na ce mu ɗan taɓa matar da saƙo, sai ta ce, "In tana tsakiyar karatu na katse ta fa? In ta ji haushi ta ce a'a don na dame ta?" A ganinta, muddin shiru ake, ƙofar a buɗe take.

A watan Agusta, lokacin da iyaye ke cika shago suna sayen yadin makaranta, Nadia Prewitt ta amsa. Ta ba da haƙurin jinkiri, ta ce shafukan sun hana ta sakat, tana son littafin duka. Ta ƙara da cewa ƙarshen Satumba za ta rufe karɓar sababbi, sai wata shekara.

Na je shagon da gudu ina murna. Na tarar da Tanti ta yanke wa wata mata yadi huɗu a maimakon biyar, karon farko a rayuwarta, tana ta ba da haƙuri. Da muka keɓe ta riƙe hannuna.

"Na shiga uku, Shaliza. Na riga na ba wa waccan magana."

"Ki aika wa wannan kawai. Wa zai sani?"

"Sun san juna. Ke kika ce mini tare suke cin abinci a wajen baje kolin littafi. Wannan ta ce ga wani littafi daga Trinidad, waccan ta ce ai nawa ne, ta yi mini alkawari. Kafin su kai ga shayi, sauran shidan sun ji cewa matar San Fernando ba ta da magana ɗaya."

"To ki rubuta wa Misis Aldersey."

"Sai ta ce a'a."

"To ki yi shiru."

"Sai wannan ta rufe." Ta saki hannuna. "Kin gani? Ko ina na taka rami ne."

Na kawo mata lissafi iri-iri, na nuna mata abin da marubuta ke faɗa wa juna a intanet. Ta ce waɗannan ba su taɓa riƙe wa mutum kaya ba. Haka Satumba ta shigo, tana ramewa, Onkul Fazal ma ya daina tsokanarta.

Abin da ya motsa ta daga shago ya zo. Ɗan mai shagon ya karɓi ragama daga hannun ubansa, ya ce kayan Diwali, bikin 'yan Hindu, na hanya, yana bukatar wuri. Duk wanda aka riƙe wa kaya a buga masa waya, ya zo ya ɗauka ko a mayar kan kanta. Tanti ta yi ta jan ƙafa, daga ƙarshe ta kira matar leshi ruwan zuma. Ta gaishe ta, ta tambayi jika, ta yi ta kewaye-kewaye kafin ta ambaci leshin.

Matar ta ce, "Wane leshi, Miss Zorida?"

Da yamma ta zo gidana ba ta ko sanar ba, ta zauna a bakin kujera da jakarta a cinya. Ta ba ni labarin, sannan ta ce, "Ba ta ma tuna ba, beti. Ni ina nan ina kaɗe masa ƙura." Ta dube ni. "In ita ma matar Landan ta manta fa?"

Wannan tsoron ya fi na farko ƙarfi. Ta ce in buɗe kwamfuta. Ita ta faɗa, ni na buga, kuma ba ta yarda na gyara kalma ɗaya ba. Maganar shago ce sak: wata ta nuna sha'awa, ke kika fara cewa a riƙe miki, shi ya sa nake tambayarki tukuna, zan jira zuwa Juma'a ta sama. Da muka gama ta zuba wa allon ido. Na ce in tura mata? Ta ce a'a, ita ta yi alkawarin. Ta yi bismilla ta danna, sannan ta tashi ta shiga kicin ɗina ta wanke kwanukan da na riga na wanke.

Ranar Talata amsa ta zo. Misis Aldersey ba ta manta ba. Ta karanta rabi, ayyuka suka danne ta. Ta yaba 'yar'uwa ta tsakiya ƙwarai, amma tunda ana jira, gara ta faɗi gaskiya: ba za ta ɗauka ba. Ta ce ta yi mamaki da aka bar mata shi tsawon wannan lokaci. Ita ta zaci bayan wata guda za a tuntuɓe ta.

A bayan shago Tanti ta karanta, tsaye tsakanin bandir-bandir. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Da ban tambaya ba, ƙila da ta ƙarasa shi. Rabi na biyun ya fi kyau."

Ba ni da lissafin da zai nuna ba haka ba ne.

A ranar muka tura wa Nadia Prewitt littafin, ana saura 'yan kwanaki ta rufe. A ƙasan saƙon Tanti ta sa na ƙara tambaya ɗaya, da ƙyar ta fito daga bakinta: har yaushe? Washegari matashiyar ta amsa cewa mako shida, kuma kada a riƙe mata, Tanti ta aika wa duk wanda take so.

"Ba ta so a riƙe mata?" Tanti ta ce. "Wace irin mata ce wannan?"

"Irin wadda ta ɗauki mutum bakwai," na ce.

Asabar ɗin ta koma laburare, ta sake bin shafukan godiya, ta zaɓi biyu daga cikin shidan da suka rage. Ɗaya ma daga cikin waɗanda ta taɓe wa baki ne a da. Muka aika. Onkul Fazal ya ce yanzu matarsa ta zama dillaliya da kanta, saura kwat.

Littafin yana hannun mutum uku yanzu, ƙofa huɗu ba a taɓa ba. Tsoron bai tafi ba. In za ta yi yanka, sai ta kashe wayar ta tura cikin jaka. Leshin ruwan zuma wata mai ɗinki ta saye shi. Kantar ƙarƙashin teburi kuwa tana nan, don ɗan mai shagon ya bar mata rabinta. Makon jiya na shiga na tarar da wata mata tana cewa a riƙe mata wani yadi shuɗi. Tanti ta naɗe shi, ta sunkuya ta ajiye, ta ɗago. Ba ta iya kallon matar a ido ba, kuma muryarta ta yi ƙasa sosai, amma na ji ta ce, "Har yaushe, ƙanwata?"