Ƙusar Kofina

Jiya masu fenti suka cire ƙusoshin ɗakin shan shayinmu na asibiti. Na roƙi guda ɗaya na jefa a jaka.

Lokacin da na zo daga Anguwan Rogo ina sabuwar nas, kowa yana da ƙusar rataye kofinsa, ban da ni. Da na shigo, hira ta mutu. Sai na daina shiga. Daga baya magana ma na daina: in zazzaɓin majiyyaci ya hau, in rubuta a kati in yi gum. Har tsawa na fara yi wa masu jinya.

Wata tsohuwar nas 'yar Bukuru, muna ce mata Mama, ita ta lura. Wata safiya mai sanyi ta shigo da ƙusa da dutse, rigar sanyinta na ƙamshin man zafi. Ta buga ƙusar a gefen tata, kowa na kallo.

"'Yata, kawo kofinki," in ji ta. "Nas ɗin da ta saba da shiru a nan, ranar da mara lafiya zai tafi ma shirun za ta yi."

Bara ta rasu. Allah ya yi mata wuri a gidansa, kamar yadda ta yi mini.