Kawu Sanda da Ƙarfen Share Gilashi

Ina ƙarƙashin babbar motata a Gwandu, ranar Laraba da hantsi, wani mai jaki daga Kalgo ya tsaya a kaina ya ce, "Kai ne Ummaru direba? Sai haƙuri. Sanda maƙeri ya riga mu, tun jiya aka kai shi." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a kwance ban fito ba.

Kawu Sanda yayan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina. A maƙerarsa da ke Kalgo na koyi zuga. Da aka zo neman yaran makarantar Nasara kowa ya ɓoye nasa, shi ya ce, "Tahi ka gano muna abin da suka sani." Na yi 'yan shekaru na fito da ɗan Turanci, na koyi tuƙi, har yau ga ni da motar kaina. Kullum nakan ce ba wanda ya ɗaga ni. Yau bakina ya yi nauyi da wannan magana.

Lokacin da motocin da ke bin hanyarmu ba su kai yatsun hannu ba, ina tuƙa wani Bature. Motarsa tana da ƙarfen share gilashi, irin wanda ake juyawa da hannu daga ciki. Da damina ta kama, tsatsa ta cinye gindinsa, ya ƙi juyawa, ya ƙi ciruwa. Muka iso Kalgo hadari na haɗuwa, Bature ya ce ko in gyara kafin azahar, ko ya nemi wani direba. Na ɗauki guduma zan sauke wa ƙarfen, ga gilashin da in ya fashe sai an aiko da wani daga Ikko.

Sai na ji an riƙe mini hannu. Kawu ne, da warkinsa da awartakinsa.

"Ɗan boko, mi wanga ƙarfe ya yi maka? Ƙarfe ba shi jin tsawa, lallashi shika ji."

Ya rufe gilashin da jiƙaƙƙen tsumma. Ya gasa wani guntun ƙarfe ya ɗora a gindin abin har ya ɗau zafi, ya ɗiga man kaɗanya, ya zauna yana cin goro. Ina ta duban sama, shi ko a jikinsa. Sau uku ya yi haka. Sannan ya cusa 'yan itatuwa biyu a ƙarƙashi, yana ɗan ƙwanƙwasawa yana girgizawa, sai ga shi ya zare shi salin alin. Ya kankare tsatsar, ya mayar da shi, abin ya kama juyawa.

Bature ya tambaye ni wane ne wannan tsoho. Ina sanye da kakin direba, na dubi warkin Kawu, na ce da Turanci, "Wani maƙeri ne na kasuwa." Kawu ba ya jin Turanci, amma ya ga ban dube shi ba. Bature ya miƙa masa lada, ya ƙi karɓa, ya ce aikin ɗansa ne. Na ƙi fassarawa.

Da za mu tafi ya leƙo ta taga ya ce, "Ka riƙa sa mishi mai kowace Juma'a, Ummaru. Abin da an ka bari ba a taɓawa, shi tsatsa ka kamawa."

Ƙarfen na kula da shi, ban taɓa fashi ba. Kalgo kuwa na ratsa ta ba adadi, in danna ƙaho a ƙofar maƙera in wuce, ina cewa sai wani jiƙon. Inna Hajo, matarsa, ta gaya mini a wurin gaisuwa cewa duk ya ji ƙarar mota sai ya ajiye guduma ya fito.

Allah Ya jiƙan Kawu Sanda, Ya haskaka makwancinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba Inna Hajo da 'ya'yansa haƙuri, Ya raya abin da ya bari. Ni kuma Allah Ya yafe mini kalmar da na kasa faɗa yana tsaye a gabana: ubana ne.