Ranar da Munka Kai Kukan Mashigi Birnin Kebbi

Argungu

Ana sallame sallar asuba munka fito, mu mata goma sha huɗu daga ƙauyenmu na ƙetaren gulbi. Kowace ta ɗauko ƙwarya a kife bisa kai, yadda iyayenmu ke yi in abu ya fi ƙarfin baki. Kwana arba'in ke nan da kwalekwale ya kife a mashiginmu, ya tafi da jikata Hadiza tana dawowa daga makaranta. Gada muke so, kada ruwa ya sake cin ɗiyan kowa.

Munka ƙetare zuwa tashar Argungu, ƙarfe bakwai motarmu ta tashi. A shingen hanya ɗan sanda ya leƙo.

"Inna, biki za ku?"

"Gaisuwar mutuwa za mu kai wa masu rai," in ji ni.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ɗaga mana hannu.

Birnin Kebbi

Takwas da rabi munka sauka, keke napep ta kai mu ƙofar wani babban ofishin gwamnati. Munka zauna a rana, ba zagi, ba jifa. Wajen azahar wani babba ya fito, ya sa anka kawo tabarmi da ruwan sanyi.

"Iyayena, na ji. Ku sha ruwa."

To, a wurinmu, wanda ya shimfiɗa maka tabarma, ya ba ka ruwa, ya ce ya ji, ba ka ƙara tsare shi da tambaya. Munka sha, munka sauke ƙoren, munka ce, "Ranka shi daɗe, mun gode." Ya shige.

Gesse

Munka biya unguwar Gesse, gidan Malama Rifkatu, Kirista ce 'yar Filato, tsohuwar ma'aikaciyar asibiti da ta taɓa karɓar haihuwa a ƙauyenmu. Ta zuba mana tuwon shinkafa da miyar kuka.

"Gwaggo, ina takardar da ya sa wa hannu?"

"Wace takarda? Ai ya ce ya ji."

"Wace rana ya ce ku komo?"

"Bai faɗi rana ba," in ji ni.

Ta ɗauko biro ta rubuta kukanmu, kowace ta dangwala yatsa. Ta ce a zaɓi mata uku su riƙa zuwa duk Litinin ɗin farkon wata, kuma duk mai neman ƙuri'armu, sai ya tsaya a bakin mashigi ya faɗi ranar fara aikin gada a gaban jama'a.

Gida

Da la'asar sakaliya munka isa bakin gulbi. Uwar Hadiza na tsaye a ƙetare, tun kafin in taka ƙasa ta ce, "Inna, mi sunka ce?"

Na ce, "Sun ba mu ruwa, ɗiyata. Ni da ke da maƙwabciyarmu Ladi za mu koma."

"Sau nawa?"

"Har ranar da za mu ƙetare gulbin nan da ƙafa, bisa gada."

Mun gode wa Allah da ya maido mu lafiya. Malama Rifkatu, Allah shi saka miki da alheri.