Saiwar da Ta Huda Leda

Mutane sun ɗauka aikin Baba Leda shuka ne. Rabin aikinsa kuwa hana shuka zama ne.

Wurinsa wani siririn fili ne tsakanin katangar wani kamfanin robobi da babban titi, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba. Tun yana da baƙin gashi kamfanin ya bar shi ya riƙa sayar da dashen itatuwa a nan, bisa sharaɗi ɗaya: komai a cikin leda, kada ko tsinke ya kama ƙasa, domin bututun ruwansu ta ƙarƙashin wurin ya bi. To, dashe bai san sharaɗi ba. Ka bar shi wuri guda, saiwarsa ta huda gindin leda ta nutse. Don haka duk ranar Asabar Baba Leda yakan durƙusa, ya bi jerin mangwaro da lemo da gwaba, ya ɗaga kowace leda, ya datse farar saiwar da ta leƙo, ya matsar da ledar gefe. Aikin nan ne ya cinye masa gwiwoyi, shi ne kuma ya ba shi suna.

Matarsa ta rasu, 'ya'ya sun watse neman na kansu. Wanda ya rage masa shi ne yayansa, tsohon direban babbar mota, wanda shanyewar ɓarin jiki ta kayar. Babu mai zama da shi a gida, sai Baba Leda ya riƙa ɗora shi a baro kowace safiya, ya turo shi wurin aiki, ya zaunar da shi a kujerar roba a ƙarshen filin. Kujerar takan karkata ta gefen da ya mutu, sai ya tokare ta da wata babbar leda mai ɗauke da dashen gwaba. Daga ɗaki zuwa katanga, daga katanga zuwa ɗaki. Ko gaisuwar rasuwa, in da nisa, Baba Leda ya daina zuwa.

Ciwon bai taɓa bakin Yaya ba. Abokin gardamarsa shi ne mai facin taya da ke maƙwabtaka da su, kuma maganarsu ɗaya ce kullum: aljannar da aka fitar da Annabi Adamu, ina take?

"A doron ƙasar nan take," in ji Yaya. "Malamai ma sun yi saɓani, balle kai da ba ka taɓa wuce shataletalen can ba. Ni na ga wurin. Mota ta lalace mini a wani kwari tsakanin duwatsu. Ruwa na fitowa ta ƙarƙashin dutse, ga 'ya'yan itace ba wanda ya shuka, ba mai gadi, ba katanga."

"Gonar wani ka shiga, Direba, ka yi masa ɓarna," in ji mai faci. "An ce sauko da shi aka yi. Ana saukowa daga ƙasa ne?"

"Ba a saukowa daga tudu? Sau nawa na sauko da tirela birki na hayaƙi?"

"To kai mu mana."

"Ka gyara tayar baron nan tukuna."

Wani lokaci sukan nemi Baba Leda ya raba su. Shi kuwa ba ya ɗaga kai daga aikinsa. Abin da ya sani shi ne in ya tsaya surutu, rana za ta kashe masa jerin lemo.

Amma akwai ledar da bai taɓa ɗagawa ba, wato ta jikin kujerar Yaya. Da farko mantuwa ce, don ranar Asabar Yaya na jingine da ita. Daga baya ya taɓa ta ya ji ta ƙi motsi, ya san abin da ya faru, ya ƙyale ta. Gwabar ta samu ƙasa. Sauran 'yan'uwanta na nan tsugune a leda kamar yaran da ba su ƙoshi ba, ita ko ta miƙe, ta wuce kan Yaya, ta yi masa inuwa. Ya daina ƙorafin rana. Da ta yi fure yakan zauna yana ƙirga su da hannunsa mai lafiya, yana korar awaki da baki.

Ranar da reshenta ya leƙa saman katanga, mai kula da harabar kamfanin ya fito. Mutum ne mai kirki, ya gaida su da ladabi, ya sa ƙafa ya tura ledar. Ba ta motsa ba.

"Baba, ka san maganar. Ba ni na sa dokar ba. In ta fasa bututu, ni za a fara kora. Ko ita ta tashi, ko ku duka ku tashi."

Baba Leda ya dubi filin. Babu wani wuri a garin da zai yi sana'a idonsa na kan Yaya, kuma baro ya iya zuwa. Bai roƙi kowa ba. Ya samo rabin ganga, ya huda gindinta, ya cika da ƙasa da taki. Ya ja kujerar Yaya gefe, ya tokare ta da tsohuwar taya, ya fara haƙa.

Saiwar ta yi kaurin yatsa, ta tafi ƙasa sosai. Ya bi ta iya tsawon hannunsa, bai ga ƙarshenta ba. Ya daɗe a durƙushe da wuƙa a hannu, sannan ya datse. Shi da mai faci suka ɗaga itacen suka sa a ganga. Ya rage mata rassa don kada ta mutu, furannin suka zube a cinyar Yaya.

Kafin la'asar ganyen ya sunkuya. Rana ta dawo kan Yaya. Yinin nan duka ba a yi gardama ba, har mai faci ya kasa haƙuri.

"Direba, yau ba za mu je kwarin naka ba?"

Yaya ya kaɗe furannin daga rigarsa.

"Ka ci gardama," ya ce. "A sama take. Da a ƙasa take, da tuni an sa ƙanena ya tumɓuke ta."

Baba Leda ya ji. Ya ɗauko bokiti ya zuba wa gwabar ruwa a hankali har ya fito ta hudar gindin ganga. Sannan ya nemo bulo biyu ya ɗora gangar a kai, don kada saiwa ta sake taɓa ƙasa. Ya gyara wa Yaya hularsa, ya jawo baro.